Daga Barmani zuwa Afnan: Tarihin Sunayen 'Ya'ya Mata a Ƙasar Malumfashi da Funtuwa

A watan Maris na shekarar 2013, lokacin da labarin rasuwar Barmani Coge ya bazu daga Funtuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka shekara talatin ko arba'in suna jin amadarta a gidajen biki da kafofin rediyo a ranar ne suka fara sanin cewa sunanta na yanka Sa'adatu. Da suna biyu ta rayu, kamar kusan kowace mace ta zamaninta a kudancin Katsina: ɗaya wanda liman ya raɗa a safiyar suna aka shafa fatiha a kansa, ɗaya kuma wanda gida da gari suka riƙa kira. Na farkon Larabci ne, daga kalmar da ke nufin dacewa da rabo mai kyau. Na biyun Hausa ce tsantsa, jimla guda da aka dunƙule ta zama suna, wato "bar mani", roƙon da uwa kan yi idan ta gaji da binne 'ya'ya.

Wannan rabon aiki tsakanin suna biyu shi ne ginshiƙin tarihin sunayen mata a yankin da ya tashi daga Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ya ratsa Kafur da Bakori da Danja har zuwa Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska. Sunan yanka yana haɗa yarinya da gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, laƙabi kuwa yana faɗin ko ita wace ce da yadda ta zo duniya. Cikin shekaru hamsin da suka shuɗe tsarin ya rushe, aikin biyu ya koma kan suna guda, kuma daga nan ne mafi yawan abin da ake gani a yau ya samo asali, har da neman sunan Larabci da babu wanda ya taɓa ji a unguwa.

Ranar suna kanta tana ɗauke da hatimin mazhabar Malikiyya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Malumfashi da Maska tun kaka da kakanni, ana yanka wa abin haihuwa dabba a rana ta bakwai, kuma ba a ƙirga ranar da aka haife shi idan alfijir ya riga ya keto. Wannan ƙa'ida ce ta sa sunan Bahaushe yake faɗawa a ranar da ta zagayo: wadda aka haifa da hantsin Alhamis, Alhamis mai zuwa za a raɗa mata suna. Akwai kuma wani hukunci da ya shafi 'ya'ya mata kai tsaye. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin dabba biyu ga namiji, ɗaya ga mace. Imamu Malik kuwa, bisa abin da ya ruwaito a Muwaɗɗa na aikin Abdullahi ɗan Umar, ya daidaita su da dabba ɗaya-ɗaya. Saboda haka ragon sunan Kande bai taɓa gaza na Tanko ba a wannan ƙasa, ko da kuwa murnar dangin uba ta gaza.

Sunayen da liman ke raɗawa a da ba su da yawa. Wanda ya bi jerin kakanninsa mata zai tarar ana ta juya Hauwa'u da Amina da Khadija da A'isha da Faɗima da Zainab da Maryam da Halima da Ruƙayya da Hafsatu da Safiya da Rabi'atu da Sa'adatu, da 'yan kaɗan bayansu. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma daga wannan rumbu ya ɗiba: mahaifiyarsa Hauwa'u, 'ya'yansa mata sun haɗa da Khadija da Faɗima da Hafsatu da Safiya da Maryam da Asma'u. Bayan da jama'ar Malam Ummarun Dallaje suka karɓi mulkin Katsina a 1807, malaman da suka bazu a garuruwan kudu da wannan jeri suka tafi. Amma jerin ya girmi jihadi. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a Zazzau ta ƙarni na 16 ana ba da labarin 'ya'yan Bakwa Turunku biyu, Amina da Zariya, ɗaya da sunan Larabci ɗaya da na gida. In aka koma baya zuwa girgam ɗin Daura, sunayen magajiyoyi irin su Kufuru da Yakumo da Innagari da Daurama da Shawata babu ƙamshin Larabci a jikinsu ko kaɗan.

Harshe bai bar waɗannan sunaye yadda suka zo ba. Khadija ta zama Hadiza da Dije da Dija, A'isha ta zama Indo da Shatu da A'i, Faɗima ta zama Binta da Fatsima da Fati, Zainab ta zama Abu, Maryam ta zama Mairo, Ruƙayya ta zama Rakiya. Wasu kuma an kira su da inkiyar mai sunan ta asali: Kubura ga Khadija, Sadiya ga Halima saboda ƙabilar Banu Sa'ad da mai shayar da Annabi ta fito, Zara'u ga Faɗima, Jidda ko Maijidda ga Hauwa'u saboda labarin da ya shahara cewa kabarin uwar 'yan Adam yana birnin Jidda. Irin wannan inkiya karatu ce ta haife ta, domin babu mai kiran Halima da Sadiya sai wanda sira ta ratsa gidansu.

Dalilin da ya sa sunan yanka ya zama abin ɓoyewa shi ne alkunya. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, mace ba ta ambaton sunan surukarta, kuma tunda al'ada ce a mayar da sunan kaka ga jika, sai ya zamana rabin mutanen gida an ɗaure musu baki daga kiran yarinyar da sunanta. Daga nan Uwani da Iya da Inna da Ummi da Gwaggo da Hajiya suka fito a matsayin sunayen jarirai. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ya yi bayanin kunyar ɗan fari dalla-dalla. Gidajen malamai ba su fita daga wannan ba. Mahaifiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sunanta Hauwa'u, amma da Inna Garka tarihi ya fi saninta.

Inda tarihin ya fi yalwa shi ne cikin laƙabin da ke bayar da labarin haihuwa. Mafi sauƙinsu sunayen rana: Ladi ko Ladidi ga Lahadi, Altine ko Tani ga Litinin, Talatu ga Talata, Larai ko Balaraba ga Laraba, Lami ga Alhamis, Jummai ga Juma'a, Asabe ga Asabar. Azumi ita ce ta watan Ramalana, Tasalla ta ranar idi. A ƙasar noma irin wannan, wadda audugarta ta jawo injinan gurza da layin dogo zuwa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, damina ma ta bar sawunta: Marka ita ce wadda aka haifa lokacin da ruwa ya zauna ba ɗaukewa, Tanoma wadda ta zo ana tsakiyar aikin gona. Jerin haihuwa ya ba da Kande da Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Hassana da Usaina ga tagwaye, Gambo ga mai bi musu, Auta ga ta ƙarshe, Tuni ga wadda ta zo bayan an fitar da rai da haihuwa. A zamanin da babu takardar haihuwa, tsohuwa mai suna Asabe Marka tana ɗauke da rana da lokacin shekarar da aka haife ta a bakin duk mai kiranta.

Sai sunayen wabi, waɗanda suka fi kowane rukuni nauyi. Wabi ita ce matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san yawan mutuwar yara a karkarar Hausa kafin yaɗuwar allurar rigakafi ba zai ɗauki waɗannan sunaye abin dariya. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa da sanƙarau suna ɗibar yara kowace shekara, kuma ba banza ba ne Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka zaɓi ƙasar Malumfashi a shekarun 1970 don wani dogon bincike a kan cututtukan da suka zauna wa karkara. A cikin irin wannan hali uwa takan bi ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ta roƙa a fili, ta ce Barmani, ko Abarta, ko Kyauta, ko Dogara. Ko kuma ta nuna kamar ba ta damu da jaririyar ba, a kai ta kan juji a ajiye na ɗan lokaci a ɗauko a kira ta Ajuji, ko a yi kamar an sayar da ita a kira ta Baiwa, domin abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ga ba ta da daraja ya ƙyale ta. Rubutun boko yana ɓoye wani bambanci a nan, domin baiwa ta bauta da baiwa ta kyautar Allah karin sauti ne kawai ya raba su, kuma jikoki da yawa a yau suna fassara sunan kakarsu da ma'ana ta biyu alhali ta farko aka nufa.

Hanyoyin nan biyu ba hukuncinsu ɗaya ba, ko da yake wa'azin baya-bayan nan ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro. Barmani addu'a ce, kuma wanda ake roƙo a cikinta Allah ne a bakin uwa Musulma. Ajuji kuwa dabara ce ta yaudarar iska ko maita, tana tsaye a kan zaton cewa wani abu ban da Allah yana da iko a kan ajali, ga kuma munin ma'ana. Malamin da ya hana ta biyu yana da hujja. Wanda ya haɗa da ta farko ya hana uwa roƙon Ubangijinta da harshen da ta iya.

Ƙasar Malumfashi tana da wani abu da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, wato zaman Maguzawa. A ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara an daɗe ana samun gidajen Hausawa manoma da ba su karɓi Musulunci ba. A cikin ɗaya daga irin waɗannan gidaje ne masanin tarihin Daular Sakkwato, Murray Last, ya zauna a farkon shekarun 1970 yana nazarin yadda suke fahimtar cuta da magani. Su laƙabin shi ne sunan gaba ɗaya, babu na liman a ƙarƙashinsa. A ƙarni na 20 aka yi ta jan su ta fuska biyu. Wasu suka musulunta, musamman daga yunƙurin da Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranta a farkon shekarun 1960 zuwa ayyukan ƙungiyoyin da'awa na baya, kuma alamar farko ta shiga ita ce sauya suna. Wasu suka bi mishan, suka riƙe Ladi da Lami da Talatu da Asabe, suka ƙara da sunayen Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932, irin su Saratu da Rifkatu da Rahila da Hannatu. Sannu a hankali kunnen mutanen gari ya fara jin sunan rana a matsayin alamar wanda ba Musulmi ba, ko aƙalla na baƙauye, sai iyaye Musulmi suka janye daga gare shi.

Abin lura shi ne sunayen ranakun nan bakwai duk Larabci ne. Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis ƙidaya ce ta Larabawa daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a da Asabar kuma ba su buƙatar bayani. Mako mai kwana bakwai da waɗannan sunaye tare da malamai da fatake Musulmi ya shigo ƙasar Hausa. Ashe Bamagujiyar da ake kira Jummai tana ɗauke da shaidar cewa Musulunci ya isa ƙauyensu ta hanyar kasuwa da lissafin kwanaki tun kafin ya isa ta hanyar salla, kuma sunan da ake gudu a yau saboda wai na Maguzawa ne yana cikin tsofaffin sawun addinin a harshen Hausa.

Abin da ya karya tsohon tsari bai zo daga mumbari kaɗai ba. Rajistar makaranta ta riga shi. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya shigar da 'yan mata masu yawa aji a karo na farko, kuma malamin aji suna ɗaya yake rubutawa da na uba. Daga baya takardar haihuwa da katin asibiti da fasfon aikin hajji da lambar shaidar ɗan ƙasa suka bi sahu. Sunan yanka da ake ɓoyewa ya fito fili, ana kiransa kowace safiya a gaban jama'a, sai aka tarar a aji ɗaya akwai A'isha shida da Faɗima biyar. Ƙarancin sunaye bai dami kowa ba muddin laƙabi na rarrabe mutane. Da laƙabi ya faɗi, dole rumbun ya faɗaɗa.

Makarantun Islamiyya ne suka fara cika shi, kuma da kyakkyawan kaya. Bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da komowar ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, da yawaitar littattafan tarihin sahabbai mata, sunaye irin su Sumayya, shahidiya ta farko, da Nusaiba 'yar Ka'ab wadda ta tsaya a Uhudu, da Khaula, da Rumaisa'u mahaifiyar Anas, da Juwairiyya suka shigo gidaje. A lokaci guda aka koma furta tsofaffin yadda suke a littafi: jikar Dije ta zama Khadija, jikar Rakiya ta zama Ruƙayya. Juyin juya halin Iran na 1979 ya ƙara wa Zahra'u da Batula da Kausar farin jini a wasu gidaje. Sai kuma littattafan soyayya na Hausa daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Funtuwa ta ba su ɗaya daga manyan marubutansu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe. Ta wannan hanya da ta finafinai sunan tauraruwar labari kan zama sunan jaririya kafin shekara ta zagayo. Abin sha'awa ne cewa biyu daga matan da suka buɗe wannan fage, Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu, sunayen rana suke amsawa. Tauraron ɗan Adam da wayar hannu suka kawo zango na ƙarshe, na Afnan da Hanan da Amal da Ilham da Nihal da Sidra, inda daɗin furuci da rashin mai irinsa a dangi suka zama ma'auni.

A nan ne ya kamata ɗalibin ilimi ya tsaya ya duba ƙamus. Khadija daga tushen da ke nufin haihuwa kafin cikar watanni take, wato bakwaini. Faɗima daga yaye take. Rabi'atu ita ce ta huɗu. Juwairiyya 'yar ƙaramar yarinya ce, Sauda baƙa, Humaira 'yar ja, Ramla rairayi, Zainab wata bishiya mai ƙamshi. A'isha kuwa ma'anarta mai rayuwa, fatan da Larabawa ke yi wa jaririya ta tsira daga mutuwar ƙuruciya, wanda shi ne ainihin abin da uwar Barmani ke roƙo. Larabawan Makka da Madina suna raɗa suna ne da yanayin haihuwa da launin fata da itatuwan dajinsu, daidai da yadda manoman Dayi da Gozaki suke yi. Darajar waɗannan sunaye daga matan da suka ɗauke su ta zo. Na zamani kuwa, Afnan rassan itace ne, Sidra magarya ce, kuma uban da zai ji kunyar kiran 'yarsa Magarya yana alfahari da Sidra. Hujjar cewa kalma ta zo a cikin Alƙur'ani ba ta isa ba, tunda Fir'auna da Hamana ma sun zo.

Sauye-sauyen da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya tattara a Tuhfatul Maududi, duk a kan ma'ana suke. Ya mayar da sunan wata 'yar Umar daga kalmar da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila. Ya sauya Barra zuwa Zainab saboda yabon kai da ke cikinsa, kuma Juwairiyya ma Barra take kafin ya aure ta. Duka sunayen da aka sauya Larabci ne tsantsa. Mariya Baƙibɗiya, mahaifiyar ɗansa Ibrahim, ta zo daga Masar da sunanta ta kuma rasu da shi, kuma malaman nahawu suna lissafa Maryam da Ibrahim da Isma'il cikin sunayen ajami. Gaskiya ne Shaikh Bakar Abu Zaid, a ɗan littafinsa Tasmiyatul Mauludi da ya yaɗu a hannun ɗalibai, ya tsananta a kan sunayen da ba na Larabci ba; sai dai yana magana ne da al'ummar da Larabci ne harshenta, tana barinsa tana aron sunayen Turawa. Ɗauko wannan tsanani a ɗora wa Bahaushiya mai suna Kyauta ƙiyasi ne da ya tsallake bambanci. Illar yabon kai da ta sa aka sauya Barra ta fi kusa da wasu sunayen yayi, shi ya sa malaman wannan zamani suka yi saɓani a kan Iman da Abrar. Rubutun boko ya ƙara nasa ruɗani: Asiya matar Fir'auna, wadda hadisi ya lissafa cikin matan da suka cika, da waccan kalma ta mai saɓo da aka sauya wa 'yar Umar, haruffa ɗaya ake rubuta su da shi, har wasu kan hana sunan halal saboda kamarsa da wanda aka hana.

Tsohon tsarin bai mutu duka ba, tufafi ya sauya. Yarinyar da aka haifa cikin Ramalana a Malumfashi ta yau ba a cika ce mata Azumi ba, Siyama ake cewa. Wadda ta ci sunan kakarta ta tashi daga Uwani ta koma Walida ko Ummita ko Mami, domin har yanzu matar ɗa ba ta iya buɗe baki ta kira sunan surukarta a tsakar gida. Kyauta ta zama Hadiyya, wadda aka haifa ranar hawan Arfa ta zama Arafat. Hassana da Usaina suna nan daram. Rukunin da ya tafi bai bar magaji ba shi ne na wabi, kuma dalilai biyu suka haɗu a kansa: wa'azi ya kori Ajuji, asibiti da rigakafi sun rage yawan iyayen da ke binne 'ya'ya huɗu da biyar a jere. Masu amsa Barmani da Abarta da suka rage a ƙauyukan Kafur da Bakori yawancinsu tsofaffi ne, kuma a katin zaɓensu Sa'adatu ko Hauwa'u aka rubuta.